Rakiyar Sa'a Zuwa Gasar Lissafi a Yamai

Tunda na dawo daga Yamai ban sha shayi da zafinsa ba a majalisarmu ta Kurudu. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "Alhaji Sule, wai da gaske gasar lissafi ka je? Kai da sai ka tuɓe takalmi kafin ka ƙirga ashirin?" Na ba da labarin nan har bakina ya yi kanta, shi ya sa na ce bari in rubuta shi kowa ya huta. Kun dai san ni, dillalin filaye ne, mutumin da ya taɓa sayar da fili a bayan Kurudu yana cewa in ka yi ɗage za ka hango fadar shugaban ƙasa. Duk inda kuka ji gishiri ya yi yawa ku rage da kanku. Amma gindin maganar gaskiya ne.

Ba ni na shiga gasar ba, jikata ce, Sa'adatu, 'yar 'yata, tana aji biyar a sakandare. Lissafin da take yi ba irin wanda aka zane mu a kansa ba ne. Tambaya ɗaya sai a wuni ana kallonta kamar mai jiran biza. Wani na haruffa ne, aljabara suke ce masa, wani kuma na jere-jere ne, a ce ta hanya nawa za a zaunar da mutane, ko a nuna abu kaza dole ya faru ko an ƙi ko an so. Aka tace yaran ƙasar nan aka fitar da ita da wasu maza uku, za su kara da yaran ƙasashen maƙwabta.

Ubanta, surukina, mataimakin darakta ne a wata ma'aikata, kuma likita yake so ta zama. Ya ce ta je wannan karon, amma in ta dawo hannu rabbana an rufe wannan babin, ta fuskanci karatun likitanci. Ya kuma ce ba za ta ƙetare iyaka ba muharrami ba. Shi bai samu hutu ba, aka duba dangi kaf a ga wanda ba shi da aikin yi, ido ya faɗo kaina. Ni da bakina ya fi rediyo, a gaban suruki bebe ne. Tun da ya auri 'yata maganarmu ba ta wuce "ina gajiya" da "ya ofis". Don haka ko da sharaɗin ya yi mini tsauri, ban ce uffan ba.

Da jirgi aka ce za mu tafi. Na ɗinka sabuwar babbar riga saboda jirgin nan. Sai aka ce fayil ɗin tikiti yana teburin oga, oga kuma ya tafi taro. Ƙarshe wata farar bas aka ba mu, ita ma sai da muka bi ta garejin Idu muka tsaya a kan bakanike ya ɗaure mata abin da ya saura. Shugaban tafiyar wani Dokta ne daga jami'a, mutum mai tsadar magana. Mai horar da yaran kuwa Mista Ɗanladi ne, mutumin Jiwa, ɗan manoman doya, gajere mai fara'a. Hausarsa irin tamu ce ta Abuja, mace da namiji duk "shi" ne.

Ba mu kai Kaduna ba Sa'a ta fara tsokanata.

"Tsoho, filayen nan naka ɗari bisa hamsin, wa ya ce dole haka za a yanka su?"

"Haka muka tarar, amarya. Ke da ko tukunyar fulawa ba ki mallaka ba."

"Da za ka yanka saba'in da biyar bisa saba'in da biyar, katangar ɗaya ce, bulo ɗaya za ta ci, amma filin ya fi girma."

Na ce ƙarya ne, abin da ka ƙara a tsawo ai shi ka rage a faɗi, an yi biya. Ta ce ba a yi ba. Duk abin da ka ciro daga faɗi ka liƙa wa tsawo, sai ka yi asarar wannan abin a ninke da kansa. Ashirin da biyar aka matsar, to ashirin da biyar sau ashirin da biyar na ƙasa ya tafi a banza. Ta zana mini a bayan kwalin biskit. Na daɗe ina kallon kwalin nan. Shekara da shekaru ina rantsuwa a kan ƙasa, ashe ƙasar ma ban gama saninta ba.

A Sakkwato muka kwana, a wani masauki da fankarsa ke kaɗawa kamar tana jin kunya. Zafin garin nan, in ka ajiye ƙwai a kan tagar ɗaki da safe sai dai ka nemo gishiri. Washegari muka kama hanyar Illela.

A nan iyaka na ga bambancin gwamnati da gwamnati. A wajenmu in mai kaki ya tsare ka, sai ka gyara hula ka ambaci sunan wani babba. Da muka ƙetara Ƙonni wani jandarma, wato ɗan sandan hanya nasu, siriri kamar karan dawa, ya ce kowa ya fito da katin rigakafi. Na lalube aljihu babu. Sai na gyara babbar rigar jirgi na ce, "Samari, daga Abuja muke. Ni nan da kake gani na san minista."

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Shi ministan ya san ka?"

Ban taɓa jin tambayar da ta tsirara ni irin wannan ba. Rabin mutanen Abuja da wannan tambayar za a kwashe su.

"Zamna nan, Alhaji," ya ce, ya nuna mini benci.

Na zauna cikin rana har sai da Sa'a ta gama dariyarta, sannan ta zaro katin daga jakarta. Wai uwarta ce ta ba ta ajiya don ta san halina. Jandarman ya buga hatimi, ya juya wajen Mista Ɗanladi ya ce, "A sauka lafiya, Mushe." Ashe haka suke kiran malamin boko. Har muka isa Doso ina yi masa ta'aziyyar kansa.

Yamai gari ne mai natsuwa. An sauke mu a ɗakunan kwanan wata makaranta kusa da kogi. Abu na farko da ya ɗaure mini kai burodinsu, dogo, mai tauri, wanda in ɓarawo ya shigo ba sai ka nemi gora ba. Na biyu, da rana ta take sai gari ya mutu, a rufe ofis da kanti kowa ya je ya kwanta, ba mai jin kunyar barci. Na uku, wuta. Aka ce mini daga wajenmu ake jawo musu ita. Na zauna ina jiran a ɗauke in ji daɗin cewa duk kanwar ja ce, har muka baro garin ban ji kukan janareto a makarantar nan ba. Abincin kuwa shinkafa da miya, sai dambun zogale da na ci har mai dafawa ta fara ɓoye tukunya in ta hango ni. Yawancinsu Zabarmanci suke yi, amma da ka yi sallama da Hausa sai a amsa maka da ita.

Muna isa aka ɗauke Dokta aka kai shi wani masauki daban, aka karɓe wayarsa, domin shugabannin tawaga ne ke zaɓen tambayoyin. Na ce wa Mista Ɗanladi, "Yanzu namu ya ga takarda, kuma ko tari ba zai yi mana ba?" Ya yi mini wani kallo da ya sa na koma cin zogalena.

Gasar zama biyu ce, kowane zama tambaya uku, daga hantsi har bayan azahar. Ba na'urar lissafi, ba littafi, daga kai sai biro. Ranar farko Sa'a ta fito tana murmushi ta ce ta gane biyu. Na fara shirin yadda zan ba da labari a Kurudu. Mista Ɗanladi bai yi murna ba tukuna. Ya miƙa mata takarda ya ce ta sake rubuta masa daidai abin da ta rubuta a ciki.

Ta rubuta. Duka biyun ba su cika rabin shafi ba. Ya karanta, ya cire tabarau, ya dafe goshi.

"Baba, ka gani? Yarinyan nan kai nashi yana da kyau, amma hannu nashi yana rowa. Nan ya rubuta 'a bayyane yake'. Nan ma 'a bayyane yake'. Amsa daidai ne, amma a nan ba amsa ake saya ba, hujja ne. Tun Abuja ina faɗa mishi, sai ya ce mini to."

Sa'a ta sunkuyar da kai. Can ta ce, a hankali, "Malam, farfesoshi ne fa za su karanta. Sa'annin Abba, wasu sun girme shi. Ta yaya zan tsaya ina warware musu abin da suka sani tun ba a haife ni ba? Sai in ji kamar ina yi musu rashin kunya."

Laifin ba nata ba ne. Domin mu muka koya mata. Mu ne muke cewa yaro na gari a gaban babba rabin magana yake faɗa ya haɗiye rabi, babba ya ƙarasa da kansa. Mun yi mata wannan tarbiyya har ta kama ta, muna alfahari, sannan muka ɗauko ta muka kawo ta inda rabin da aka haɗiye sifili ake ba shi. Kuma saura zama ɗaya tak tsakaninta da sharaɗin ubanta.

Bayan la'asar muna zaune gindin dogon yaro wajen mai shayin ƙofar makarantar, rediyonsa na kawo kokawa, wadda a can ta fi ƙwallo daraja. Mista Ɗanladi yana saurare, sai ya juyo.

"Sa'a, kana jin kunyan Baba?"

"Wannan tsohon? Kunyar me?"

"Yawwa. Ga tambaya, ka bayyana mishi. Baba, kai kuma kar ka yarda sai ka gane da gaske."

Na ce ai wannan aikin aka haife ni dominsa.

Tambayar ita ce: 'yan kokawa ne, ko su nawa ne, kowa ya kara da kowa sau ɗaya, babu canjaras. A nuna cewa kullum ana iya jera su sahu ɗaya, yadda kowane mutum ya kayar da wanda ke bayansa kai tsaye.

Na ce, "Ba zai yiwu ba. In Audu ya kayar da Bala, Bala ya kayar da Garba, Garba ya zagayo ya kayar da Audu fa? Wane ne gwani?"

"Wa ya ce maka gwani ake nema? Audu, Bala, Garba. Ga sahu ya yi. Ka buɗe kunnen nan da hula ta danne."

Ta kwashi ƙananan kofunan mai shayi ta jera a kan benci. Ta ce in mutum biyu ne, wanda ya yi kaye ya shiga gaba. To a ce an riga an jera wasu, sai ga sabon ɗan kokawa ya zo, ta ɗaga ƙwayar goro. "Sai a saka shi inda ya dace, sahun ya ƙaru da ɗaya. Haka har su ƙare. A bayyane yake."

"A wajen wa? Ina ne inda ya dace? Ni ban ga fili ba."

Ta yi tsaki. "Ka bi sahun daga gaba. Mutum na farko da ka tarar goron nan ya kayar, sai ka sa goron a gabansa."

"Na ji. Shi kuma wanda goron ya koma bayansa fa? Wa ya ce ya fi ƙarfin goro?"

"Tsoho, ai mun wuce shi ne saboda goro bai kayar da shi ba. Kuma babu canjaras. To wa ya kayar da wani?"

"Shi ya kayar da goro."

"Alhamdu lillahi, kan ya fara ɗaukar caji."

"In kuma na gaban sahun gaba ɗaya goron ya kayar?"

"Sai ya zama limami, ba kowa a gabansa, ba wanda za a tambaya."

Na kurɓi shayi. Gaskiya na ɗauka an gama, don tsokana kawai na ƙara. "To in goron rago ne irina? Kowa ya ɗaga shi ya nana da ƙasa, ko mutum ɗaya bai kayar ba. Kin ce a nemo na farkon da ya kayar. Babu shi."

Ta tsaya da goron a hannu. Ta kalli kofunan, ta kalle ni.

"Sai ya koma ƙarshen sahu," ta ce. "Na ƙarshen ai ya kayar da shi."

"Da kin faɗa?"

"Ban faɗa ba."

Mista Ɗanladi ya ce, "Nan ne maki yana zuba. Farfesa ba don bai sani ba yana tambaya. Yana so ya gani ko kai ka sani. Gobe ka manta farfesa. Rubuta ma Baba."

"Malam, in wannan tsohon zan rubuta wa, takardar ƙasar nan ba za ta isa ba."

Muka yi ta yi har aka kira magariba. Ta kawo na aljabara, na kasa gane ko sunayen haruffan, amma duk inda ta yi tsalle sai in ce ban ga gada ba, ta dawo ta gina. Ta zage ni a ranar nan zagin da in wani ne sai mun je gaban alƙali. Mai shayi ya tambayi Mista Ɗanladi ko lafiya yarinyar nan take yi wa dattijo haka, aka ce masa jikarsa ce, ya ce to madalla, ya ƙara mana sukari.

Zama na biyu ita ce kusan ta ƙarshen fitowa, yatsunta duk tawada. Ta ce sau biyu tana ɗaga hannu a ƙaro mata takarda. Tambaya ɗaya kawai ta yi, ta allo ce mai gida-gida da ake shafa wa launi, lokaci bai bar ta ta taɓa sauran ba. "Amma wannan ɗayar, Tsoho, ko kai ka karanta sai ka gane."

Da sakamako ya fito, yaro ɗaya cikin namu ya samo lambar tagulla. Sa'a ba ta samu lamba ba. Na ranar farko ɗan abin da aka ba ta bai taka kara ya karya ba. Sai dai tambayar nan ɗaya an ba ta makinta cif, kuma al'adarsu duk wanda ya warware tambaya guda ba giɓi ana ba shi takardar yabo. Dokta, wanda ban ji ya haɗa jimla biyu ba tun Idu, ya ce masu dubawa sun karanta shafukanta ba su sami abin tambaya ba.

A hanyar dawowa ba ta tsokane ni ba ko sau ɗaya. Ni kuwa ina ta saƙa yadda zan kambama takardar nan. Na shirya cewa ta fi zinariya wuyar samu, farfesoshi sun miƙe tsaye, wani ma ya share hawaye. Muna wuce Zuba na ɗan gwada mata. Ta ce, "Kaka, don Allah in mun je kada ka ce komai." Ba ta cika kirana Kaka ba. Na kama bakina.

Mun sami ubanta a falo bayan la'asar. Muka gaisa irin tamu, ina gajiya, ya ofis. Sa'a ta durƙusa gefen kujera ta miƙa masa takardar. Ya karanta, ya juya bayanta.

"Lambar fa?"

"Babu, Abba. Wannan ba lamba ba ce, kuma ba zan ce lamba ba ce."

Na ga uwarta ta leƙo daga ƙofar kicin. A gidan nan in ya yi magana "to" ake cewa. Sa'a kanta a ƙasa, amma ba ta tsaya ba. Ta gaya masa abin da ta yi ranar farko da dalilin da ya sa, da abin da ta gyara rana ta biyu. Ta ce saura mata shekara guda kafin jarrabawar shiga jami'a, kuma darussan likitanci ba za ta saki ko ɗaya ba. Tana roƙon ya bar ta ta sake gwadawa baɗi. In ba a zaɓe ta ba, magana ta ƙare. In an zaɓe ta ta sake dawowa ba lamba, magana ta ƙare.

Ya ajiye takardar a kan gwiwarsa. "Kin bar ɗaya. In kika je kika ci fa?"

Nan ne wurin da kowane ɗa na gari zai ce sai yadda Abba ya ce.

"Shi ne wanda nake tsoron faɗa," ta ce. "In na ci, lissafi zan roƙe ka in karanta. Ba likita ba."

Ya daɗe yana kallon takardar nan. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka. Ya ce a ƙauyensu mahaifiyarsa a kan amalanke ta cika ana neman likita, tun ranar yake so a ce a gidansa akwai guda. Ban taɓa jin wannan ba, ina jin 'yata ma ba ta taɓa ji ba. Sa'a ta share ido da gefen hijabi, amma ba ta janye maganarta ba.

"Na ba ki shekarar," ya ce. "Na ukun kuma, ki ba ni lokaci in saba da shi."

Da na tashi tafiya ya rako ni har bakin get, abin da ya saba, yana bayana da taku kaɗan. Har na kama hanya sai ya yi gyaran murya.

"Baba, tsakani da Allah, yarinyar nan ta iya abin nan?"

Ga farfesoshin da suka miƙe tsaye a kan harshena, ga mai hawaye, duk a shirye. Na dube shi na ga da gaske yake tambaya.

Na ce, "Ni dai ban san lissafi ba. Amma ta zaunar da ni ta yi mini bayani har na gane."

Ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗarsa tana rawa saboda dariya.

"To lalle ta iya," ya ce.